Karen lurcher da zomon rami: yadda mafarautan Birtaniya ke haɗa jinin kare

Kafin a kai ga maganar kare sai an warware ta zomo, domin a nan Bahaushe zai fara ruɗewa. Mu da na daji da na keji duk zomo muke ce musu. A Birtaniya dabbobi biyu ne daban, har doka ma ta raba su. Akwai zomon fili, mai dogayen ƙafafu, ɗan'uwan wanda karnukan farauta ke tasowa a dazukanmu da rani. Shi ba ya haƙa rami, ɗan lotsi yake samu ya lafe, in an tashe shi kuwa ba shi da gata sai ƙafarsa. Yana kai kilomita 70 a awa, kuma yana iya jan kare tafiya mai nisa har numfashin karen ya ƙare. Sai kuma zomon rami, kakan wanda yara ke kiwo a keji. Asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal yake, Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, suka yaɗa kiwonsa a can a ƙarni na 12 saboda nama da fata, daga baya ya ɓalle ya cika ƙasa. Nauyinsa bai cika wuce kilo biyu ba. Zaman gari yake yi, ramuka masu ƙofofi barkatai a gindin shinge ko jikin tudu, kuma ba ya nisa da gida. Da ya ji motsi ya zura, kafin ka ƙirga goma ya shige.

Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riƙe bakin zaren. Karen zomon fili dogon zango ake nema a jikinsa. Na zomon rami kuwa aikinsa a taku talatin na farko yake ƙarewa, ko ya kama ko ya tsaya yana shinshinar bakin rami.

Lurcher ba jinsi ba ne, ruwa biyu ne. Ƙungiyar Kennel Club, wadda ke rajistar karnuka masu asali tun 1873, ba ta sa shi a littafinta ba, masu shi kuma ba su damu ba. Gefe ɗaya na jininsa daga karnukan da ke farauta da ido da gudu yake fitowa: greyhound, karen tseren nan mai tsukakken ciki, ko ƙaninsa whippet, ko saluki na Larabawa da Farisawa, ko deerhound na tsaunukan Scotland. Wanda ya taɓa ganin karen Azawak a zangon Buzaye a Nijar ko Mali ya san siffar dangin: dogon wuya, zurfin ƙirji, haƙarƙari a waje kamar mai jin yunwa alhali a ƙoshe yake. Ɗaya gefen kuma daga karen aiki ne, galibi collie mai kiwon tumaki ko ɗaya daga cikin ƙananan karnukan nan masu zafin rai da ake kira terrier. In duka iyayen biyu masu gudu ne, kamar saluki da greyhound, masu tsantseni a harkar ba su yarda a ce masa lurcher ba, longdog suke cewa.

Me ya sa ba a bar greyhound ya yi aikin shi kaɗai ba, tunda babu karen da ya fi shi gudu? Tarihi ya ba da rabin amsa. A wajajen 1390, zamanin Sarki Richard na Biyu, an yi doka cewa wanda ƙasarsa ba ta kawo masa sule 40 a shekara ba zai ajiye karen farauta ba, ba zai kuma kafa raga ba. Farauta ta zama ta masu ƙasa. Masu lurcher suna son faɗin cewa daga irin waɗannan dokoki karensu ya ɓullo: talaka ya kai wa greyhound karen tumaki mai buzu-buzu, abin da aka haifa in mai gadin daji ya gani sai ya ɗauka karen makiyayi ne. Labarin yana da daɗin ji, kuma ya zo daidai da sunan da karen ya yi daga baya, na abokin masu farautar sata da Romani masu yawo a keken doki, kare mai fita da dare ya komo da abin miya ba tare da ya yi haushi ba. Sauran rabin amsar a jikin greyhound ɗin take. Na yau an gina shi ne don tsere a kan yashi mai laushi. Fatarsa kamar takarda, waya mai ƙaya ta shafe shi sai ɗinki. Yatsunsa na gocewa a ƙasa mai duwatsu. In ya zuba gudu biyu ko uku ya gama na ranar, kuma kansa ba ya ɗaukar karatu da yawa. Ana zuba masa wani jini ne don a sayi ƙwaƙwalwa da hanci da fata da juriya, a biya da ɗan abin da za a rage na gudu. Duk gardamar masu lurcher a kan wannan ciniki take: nawa za a saya, nawa za a biya.

Doka ta yau ita ma tana da hannu a zaɓin. Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki ranar 18 ga Fabrairun 2005, ta hana bin dila da barewa da zomon fili da karnuka a Ingila da Wales. A 2005 ɗin aka yi gasar Waterloo Cup ta ƙarshe a Altcar, gasar bin zomon fili da ake yi tun 1836. Amma dokar ta ware ɓera da zomon rami, muddin a ƙasarka kake ko mai ƙasar ya ba ka izini. Dalili kuwa shi ne zomon rami maɓarnaci ne a idon hukuma, har wata dokar 1954 ta ɗora wa mai gona alhakin rage shi. A 2022 an ƙara tsaurara hukuncin masu bin zomon fili, ya kai ɗaurin wata shida da tarar da ba ta da iyaka. Scotland ta bi tata hanyar: dokarta ta 2023 ta sa zomon rami ma cikin dabbobin da ba a sakar wa kare ya bi ya kashe. Saboda haka wanda ya sayi dogon kare mai jinin saluki, irin wanda aka gina don shimfiɗaɗɗun gonakin Lincolnshire, ya ce zomon rami zai kama da shi, ya sayi abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa, kuma manoma da 'yan sanda za su riƙa yi masa kallon tuhuma.

To, wane aiki ne karen zai yi? Nan ne ya kamata mai saye ya fara, amma galibi nan yake ƙarewa.

Aiki na farko shi ne farauta da feret, wata 'yar dabba mai dogon jiki kamar tunku wadda ake kiwo a gida. Da hunturu ake yi, da sassafe, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Mutum ya taho da akwatin feret a kafaɗa da jakar ragogi, karen na gaba yana bin gindin shinge. Ya wuce rami uku bai ko kalle su ba. A na huɗu ya tsaya cak, ya karkata kai, jikinsa ya sandare. Wannan tsayuwar ita ce kuɗin karen, ma'anarta akwai mutanen gida a ciki. Sai a durƙusa a rufe kowace ƙofa da 'yar raga mai zarge, a kafa turkenta a ƙasa, wani lokaci ƙofa ashirin ko fiye, yatsu na ƙagewa don sanyi, ba mai magana. A zura feret. Shiru. Can sai ka ji dif-dif a ƙarƙashin ƙafarka, zomaye na buga ƙasa. Ɗaya ya fito a guje ya faɗa raga ta tsuke. Wani kuma ya ɓullo ta wata ƙofa da ganye ya rufe wadda ba wanda ya gani, kuma saboda shi aka zo da kare. A wannan aiki ana son kare matsakaici, galibi inci 18 zuwa 22 a kafaɗa, mai zabura nan take, mai haƙurin tsayuwa awa guda ba ya cusa hanci a rami ya mayar da zomo ciki, wanda kuma ya san feret ɗan gida ne, ba abin kamawa ba. Kare maƙaryaci, mai tsayawa a kan ramin da ba kowa don a yabe shi, ya fi rashin kare muni, don zai sa ka kafa raga talatin a kan kango.

Aiki na biyu farautar fitila ce. Daren da babu wata ake so, mai iska, in da yayyafi ma ya fi, domin iska na ɗauke ƙarar taku kuma zomaye kan yi nisa da rami wajen kiwo. Ana fuskantar iska a tafiya, kare na ɗaure da igiyar da ake zarewa da yatsa ɗaya. A haska, a ga jan ido yana ƙyalli a tsakiyar fili, a saki. Karen ya bi hasken ya tarar da zomon, ya juya shi sau biyu ko uku kafin shinge, ya ɗauke. In ya kuskure aka kashe fitila, dole ya komo nan take, ba ya shiga yawon shinshina ya kori sauran. Wanda ya ƙware yakan kawo zomon da ransa har hannu, ba tabon haƙori, abin da suke kira baki mai laushi, domin zomon da aka tauna ba ya sayuwa a wurin mahauci. Da Musulmi ne ma sai ya ce ya samu damar yanka. A dare ɗaya kare zai iya yin gudu sau talatin ko fiye, yana tsallake waya da katangar dutse cikin duhu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan ba gudu ɗaya ba ne, maimaici ne, don haka ake neman kare mai ɗan tsawo da ke farfaɗowa da wuri tsakanin gudu da gudu.

Akwai na uku, yawon rana a bakin ƙaya da sarƙaƙiya, ƙananan karnuka na kutsawa ciki suna tasowa, lurcher na jira a waje. Hanci da kunne ke aiki a nan fiye da ƙafa.

Da wannan a zuciya sai haɗe-haɗen su fara ma'ana. Collie da greyhound shi ne gama-gari, kuma ba a banza ba. Collie na kawo biyayya, tauri na tafin ƙafa, gashi mai tare ruwa da kan da ke koyon aiki. Aibinsa ma daga wayon nasa yake fitowa. Bayan kaka biyu ko uku, wani karen yakan fara lissafi: ya hangi zomo kusa da shinge, ya auna, ya ga ba riba, ya ƙi tashi. Mai shi ya yi ta zagi, alhali sau da yawa karen ne ke da gaskiya. Kuma ba ya ɗaukar tsawa. Mutum mai saurin hannu da faɗa zai lalata shi cikin wata guda, ya bar shi yana raɓe-raɓe.

Bedlington da whippet shi ne na masu feret. Bedlington terrier ne daga garin masu haƙar kwal a Northumberland, kamanninsa kamar ɗan rago, zuciyarsa kuwa ba ta rago ba ce. Yana ba da hanci, da gashi mai kauri da ƙaya ba ta keta shi da sauƙi, da naci. Whippet na ba da zabura da iya juyawa a wuri ƙanƙani. Abin da aka haifa ƙarami ne, ba ya cin abinci da yawa, yana shiga bayan ƙaramar mota. Amma a babban fili da dare ƙafarsa gajera ce, kuma jinin terrier kan zo da taurin kai, da matse baki, wani lokaci da haushi a bayan zomo. Haushin nan kuwa babban abin kunya ne a wurinsu, gadon zamanin sata ne da ya zama ƙa'ida, ga shi kuma yana sanar da duk zomayen filin su koma gida.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani a maganar zomon rami. Saluki na da numfashi da ƙafar da ba ta jin dutse, amma kiransa sai ya ga dama. Deerhound ya yi girma, ga jinkirin balaga. Mai jinin bull, wato dangin bull terrier masu ƙaton kai, ƙarfi ne da muƙamuƙi, an fi yin sa don manyan dabbobin da yanzu doka ta hana, kuma ɗora shi a kan zomon kilo biyu kamar kashe sauro ne da taɓarya. A ganina, yawancin masu sayensa ba zomo ne a ransu ba, kallon mutane ne.

Yanzu ga inda maganar ta fi zurfi, wato haɗa irin. Za ka ji suna lissafi kamar masu rabon gado. Haɗin farko rabi da rabi ne. A mayar da wannan kan greyhound, a samu rubu'i ɗaya collie, rubu'i uku greyhound, wanda masu fitila a manyan filaye suka fi so. A haɗa mai rabi da mai rubu'i, a samu tumuni uku da tumuni biyar. A baki lissafin tsaf yake. A cikin mahaifa ba haka abin yake tafiya ba.

Haɗin farko ne kawai lissafinsa ke tabbata, domin kowane kwikwiyo ya ɗauki rabi cif daga uba, rabi cif daga uwa, shi ya sa 'yan ciki ɗaya kan fito kusan kai ɗaya. Manomin da ya taɓa sayen irin masarar zamani na kamfani ya san wannan: shekarar farko gona ta tashi tsawo ɗaya, zangarniya iri ɗaya. In ya yi rowa ya ɗebi iri daga abin da ya girba ya shuka baɗi, sai gonar ta fito wani dogo wani gajere. Haka lurcher yake. Da zarar an haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, jinin kakanni sai ya watse yadda ya so. Cikin kwiyakwiyi takwas wani zai ɗauko jikin collie mai nauyi da kan greyhound, wato ya haɗa rashin gudu da rashin wayo, wani kuma ya dace da akasin haka. Rubu'in da aka rubuta a talla matsakaicin lissafi ne, ba alkawari ba ne a kan kwikwiyon da ke hannunka.

Wannan ya raba masu harkar gida biyu. Masu haɗin farko suna cewa su sun san abin da suke sayarwa. Galibi uwar greyhound ce da ta yi ritaya daga filin tsere, mai lamba a kunne da tarihin gudunta a rubuce, ga ta da girman da haihuwa ba ta ba ta wahala. Uban kuma collie ne da kowa zai iya zuwa gona ya ga yana juya garke. Ɗaya ɓangaren na cewa duk wannan takarda ce: uwar ba ta taɓa kama zomo ba, uban ma haka, to me aka gwada? Su nasu shi ne ma'aikaci kan ma'aikaciya, kare da karya da suka yi shekaru suna cika jaka a irin ƙasar da za a yi aikin, ko da ba wanda zai iya warware jininsu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji su da za su ji Hausa. Ni na fi karkata gare su, da sharaɗi ɗaya: ka ga iyayen suna aiki da idonka. Lurcher ba shi da rajista, asalin da aka faɗa maka maganar mai sayarwa ce kawai, kuma babu mai tallan kwikwiyo da ya taɓa cewa uwar tana haushi ko uban ya taɓa yin watsi da zomo.

Akwai abubuwan da ido ba ya gani, sai gwajin jini ko na yawu. Launin nan mai dabbare-dabbare da ake kira merle, wanda ke zuwa ta jinin collie, yana da farin jini a kasuwa. Amma in aka haɗa masu shi biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai gaji ƙwayar daga gefe biyu, irin waɗannan kuwa sau da yawa kurame ne ko makafi. Bedlington na da ciwon gado da ke tara sinadarin tagulla a hanta. Sai kwikwiyo ya gada daga uwa da uba yake kamuwa, don haka haɗin farko kan ɓoye shi, ya dawo ya bayyana ran da aka haɗa mai jinin Bedlington da wata mai jinin Bedlington. Dangin collie kuma suna da wata ƙwayar halitta, MDR1, da ke sa maganin ivermectin, wanda muka sani a wajen dabbobinmu, ya haye musu ƙwaƙwalwa in an ba da shi da yawa. Ta fi yawa a collie mai dogon gashi, tana da ƙaranci a border collie, irin da aka fi sa wa kiwon tumaki. Whippet ma na da nasa abin mamakin: wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa mai kwafi ɗaya na wata canjajjiyar ƙwayar tsoka ya fi gudu a tsere, mai kwafi biyu kuwa sai ya fito da tsoka curi-curi kamar ɗan dambe, ba ya moruwa.

Zomon ma ba ya zama yadda yake. A 1953 cutar miksomatosis ta shiga Ingila ta yankin Kent, ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomayen ƙasar cikin 'yan shekaru. Sun farfaɗo, sai wata cutar mai sa zubar jini a ciki ta biyo baya daga shekarun 1990, sabon nau'inta kuma ya sake share wurare da dama. Inda a da ake cika buhu, yanzu sai a yini ana nema. Karen bana shi ke maganin zomon bana: inda zomo ya yi ƙaranci, karen da zai nemo shi da hanci ya fi mai gudu kawai daraja. Wannan ma dalili ne da zai sa mai karya ya yi tunani kafin ya kai ta barbara. Cikin karya kwana 63 ne, a haifi bakwai ko takwas, alhali mai ita ɗaya kawai yake so. Gidajen karɓar karnukan da aka yasar a Birtaniya da Ireland cike suke da lurcher.

Ranar zaɓe, kwikwiyo na da sati takwas, kuma tun Afrilun 2016 doka ta ce a sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ya bar gidan haihuwa. A gan shi tare da uwarsa. Tsofaffin hannu sukan ɗaga ƙafa su duba ko yatsun a dunƙule suke kamar na kyanwa, su buɗe baki su ga haƙora sun hau daidai, su tafa hannu su ga wa ya ruga ya ɓuya, wa ya taho ya ga mene ne. Sai su jefa dunƙulen safa. Wanda ya ɗauka ya juyo wurin mutum da ita, an sa masa ido. Daga nan sauran aikin na mai shi ne: kira, kawowa, tsallake shinge, da wucewa ta tsakiyar tumaki kamar bai gan su ba, domin manomin da ya ga kare na bin garkensa doka ta ba shi kariya in ya harbe shi, kuma izinin farautar gonar ya tafi ke nan.

Ba a gaggawar fita da shi. Yawanci sai ya kusa shekara ko ya ɗan haura, ƙashi ya yi ƙwari. Daren farko ana zagayawa da shi a igiya yana kallon babban kare na aiki. In an tashi sakinsa, sai a nemi zomon da ya lafe a tsakiyar fili nesa da shinge, a taka a hankali har a kusa taka shi, sannan a zare igiyar. Ya kama ɗaya, ko biyu in dare ya yi kyau, sai a kashe fitila a nufi mota, yana ja yana waiwayen filin.